Kilo 580 a Aksul Ɗin Gaba: Nazarin Wata Tirelar CNG da Sikeli Ya Tsayar a Hanyar Apapa

Mai motar wani Alhaji ne da garejinsa ke Agege, ya daɗe yana ɗaukar kwantenar riɗi da zoɓo da citta daga sito-sito na yankin Shagamu zuwa tashar Apapa da Tin Can. Ba za a ambaci sunansa ba, alƙaluman kuma an dunƙule su don lissafin ya fito fili. Motocinsa shida, duk iri ɗaya: kai mai aksul uku (aksul shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama), ɗaya a gaba biyu a baya, yana jan shimfiɗaɗɗiyar tirela ita ma mai aksul uku. Tsadar dizal ta sa ya kai kawuna uku aka sauke injinansu aka ɗora masu amfani da iskar gas zalla, aka cire tankunan mai, aka kafa tukwanen gas a bayan ɗakin direba.

A nan sai an yi hattara da suna, domin a bakin direbobinmu dizal ake kira gas. Duk inda aka ce iskar gas ko CNG a wannan rubutu, ana nufin iskar da ake matsewa a cikin tukwanen ƙarfe har matsinta ya kai 200 a ma'aunin bar. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya ke tura jama'a wajenta, a 2025 kuma matatar Dangote ta sanar da shigo da manyan motoci 4,000 masu amfani da ita. Ƙananan masu sufuri ba su da kuɗin sabuwar mota, sai su bi ta hanyar juya tsohuwa. Hayaƙi ya ragu, kuɗin mai ya ragu. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ƙarfen da aka ɗora wa motar, da kuma inda aka ɗora shi.

Yadda abin ya taso

An cika kwantena mai tsawon ƙafa 40 da riɗi buhu 514, kowane buhu kilo 50, wato kilo 25,700. Kwantenar ita kanta kilo 3,800 ce kamar yadda aka rubuta a ƙofarta, jimla ke nan 29,500. Aka rufe, aka ɗaura sil, wato hatimin kulle ƙofa mai lamba, ejan ya yi bukin ɗin shiga tasha. Saura awo, domin tun 1 ga Yulin 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya, SOLAS, ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta a rubuce, abin da ejan-ejan ke kira VGM.

Motar, ɗaya daga cikin ukun da aka juya zuwa CNG, ta hau sikelin siton, allo ya nuna 47,300. Kwamfutar sikelin tana ajiye nauyin kowace mota fanko a ƙarƙashin lambarta, kuma abin da ta ajiye wa wannan lamba tun tana shan dizal shi ne 16,650: kai 8,900, tirela 7,500, direba da yaronsa da jak da kayan aiki 250. Ta cire, ta fitar da tikiti cewa kwantenar kilo 30,650 ce. Farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar kwantenar kuwa ya ce iyakarta 30,480.

Direba ya buga waya: "Maigida, sun ce mun yi oba." Alhaji ya tambayi buhu nawa aka zuba, aka gaya masa, ya ce ai wannan lodin sun ɗauke shi sau ba adadi. Gaskiya ya faɗa. Magatakardan sikeli ma gaskiyarsa ce, abin da na'ura ta ba shi ya karanta. An kusa fasa sil a sauke buhuna, sai manajan siton ya lura da tukwanen da ke bayan kan motar ya ce a tsaya. Aka cire tirela aka auna kan shi kaɗai, tukwane cike: 10,050. Kilo 1,150 ɗin da aka ɗora wa riɗi laifinsu, ashe a jikin mota suke.

Da a nan maganar ta tsaya, da gyaran lamba ɗaya a kwamfuta ya wadatar. Amma manajan ya ce tunda motar ta canza, a auna ta aksul-aksul, kuma nan ne ainihin matsalar ta fito.

Abin da doka ke aunawa

A Fabrairun 2012 shugabannin ECOWAS suka amince da doka guda kan girma da nauyin motocin kaya, wadda ta ɗauki tsarin ƙa'ida ta 14 ta 2005 da ƙasashen yankin masu amfani da sefa ke bi. A 2018, lokacin Babatunde Fashola yana ministan ayyuka, Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin ƙarƙashin dokar manyan titunan tarayya don aiwatar da ita. Tsarin ya ɗora wa tashoshin jiragen ruwa da defo-defo da manyan masana'antu alhakin auna mota kafin ta fita.

Kowane direba ya haddace lamba ɗaya: mota mai aksul shida tan 51. Sauran jadawalin ne ba a haddace ba. Aksul ɗin gaba, wanda sitiyari ke juyawa, tan 6 ne iyakarsa. Aksul ɗaya a tsakiya ko baya, tan 11.5 in taya ɗaiɗai ne, tan 12 in bibbiyu ne. Aksul biyu a jere kuwa tazarar da ke tsakaninsu ce ke yanke hukunci: ƙasa da mita ɗaya tan 11.5, daga mita 1 zuwa 1.3 tan 16, daga 1.3 zuwa 1.8 tan 18, sai tazara ta kai mita 1.8 ake ba da tan 20. Aksul uku a jere tan 21 ne in sun matsu, tan 25 in tazararsu ta ɗan haura mita 1.3.

Tan 51 ɗin nan 6 ne da 20 da 25. To amma yawancin kawunan da ke Legas tazarar aksul ɗinsu na baya wajen mita 1.35 ce, wato tan 18 suke da shi. Irin wannan mota rufinta na gaskiya tan 49 ne, shi ma sai nauyi ya rabu daidai kamar an auna da mudu, abin da ba ya faruwa. Jadawalin kuma bai tambayi abin da inji ke sha ba. Yawan aksul da tazararsu kawai yake dubawa.

Awon da abin da ya nuna

Ba sai da na'ura ta musamman ake auna aksul ba. Sikelin dandamali ya isa, muddin ƙasar da ke gabansa da bayansa a miƙe take daidai da shi. Ana hawar da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, a matsa har kan motar duka ya hau a rubuta, sannan motar gaba ɗaya. Bambancin na biyu da na farko shi ne aksul biyun baya na kai, bambancin na uku da na biyu shi ne na tirela. Kowane karo direba ya sa giya a firi ya saki birki, domin birkin da aka danne yana riƙe sifirin a matse ya karkatar da awon. Mutanen da za su yi tafiyar su zauna a ciki, tukwane kuma a cike.

Sakamakon: gaba 6,580, bayan kai 17,720, tirela 23,000. Jimla 47,300, ƙasa da tan 51 da kusan tan huɗu. Tirela na da sararin tan biyu. Bayan kai ya tsira da kilo 280. Gaba ya haura da kilo 580.

Ga inda suka fito. Tukwanen takwas ne, na ƙarfe zalla, kowace tana cin lita 140. Irin wannan tukunya nauyinta wajen kilo ɗaya ne a kowace lita, don haka ƙarfen kaɗai kilo 1,120. Firam ɗin da ke riƙe su da bututu da bawul-bawul kilo 250. Iskar da ke ciki in an cika, a kan kusan kilo 0.16 a lita, wajen 180. Jimla 1,550. Abin da aka cire shi ne tankin dizal mai lita 400, wanda da shi da mansa kilo 400 ne. Sabon injin nauyinsa kusan ɗaya da tsohon. Ƙari ke nan 1,150, kuma duk wannan ƙarfen iskar da yake ɗauka ba ta wuce kwatankwacin lita 220 zuwa 240 na dizal ba.

Yadda ƙarin ya rabu lissafin ɗaukar gora ne: mutum biyu sun saɓa sanda da kaya a rataye, wanda kayan ya fi kusa da shi ya fi jin jiki. Daga aksul ɗin gaba zuwa tsakiyar na baya mita 4 ne. Tsakiyar firam ɗin tukwane tana mita 1.6 daga gaba, don haka kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, kilo 930, gaba ya tafi, 620 baya. Tsohon tankin a tsakiya yake, cire shi ya rage wa kowane ɓangare 200. Gaba ya tashi daga 4,900 zuwa 5,630, baya daga 4,000 zuwa 4,420. Direba da yaron mota da kayansu a kan aksul ɗin gaba suke zaune, 250 ɗinsu ta kai shi 5,880 tun ba a jona tirela ba.

Sai tantebur, farantin da ƙusar tirela ke shiga. A wannan motar yana santimita 20 gaba da tsakiyar aksul biyun baya, wato kashi 5 cikin ɗari na duk abin da tirela ta ɗora masa gaba yake turawa. Tirelar ta ɗora masa 14,000, gaba ya samu ƙarin 700. Lokacin dizal wannan lodin 5,850 yake ba aksul ɗin gaba, cikin ƙa'ida da ɗan sarari. Yanzu 6,580.

Makanikin Alhaji ya kawo hujjarsa, kuma hujja ce da ake yawan ji a gareji: farantin kamfani da ke jikin ƙofar motar ya ce aksul ɗin gaba na ɗaukar kilo 7,000, tayoyin kuma 315/80R22.5 ne masu lambar lodi 156, kowace tana ɗaukar 4,000. Duk haka ne. Wancan iyakar ƙarfe da roba ce, tan 6 kuma iyakar titi, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ake bi. Gwajin titi da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna ɓarnar da aksul ke yi wa kwalta tana tashi ne kamar a ninka rabon nauyin da kansa sau huɗu. Haurawar da ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, irin ta wannan mota, tana ƙara ɓarnar wannan aksul da kusan kashi 45. Gada ta fi damuwa da jimlar nauyi da tazarar aksul, kwalta kuwa aksul-aksul take ji, shi ya sa doka ke auna duka biyun. Mai mota ma yana biyan nasa kason a cinyewar tayoyin gaba, karyewar ganyen sifirin da saurin lalacewar bushin, musamman a titunan da ke shiga gareji-gareji na Ijora da Mile 2 lokacin damina.

Gyare-gyaren da aka gwada

Abu na farko da ya zo bakin kowa shi ne a rage buhuna. A wannan lamari ba ya aiki, kuma yana da kyau a ga dalili. In aka sauke tan ɗaya daidai wa daida daga gaba zuwa bayan kwantenar, wajen kilo 400 ne ke raguwa a tantebur, kashi 5 cikin ɗari na 400 kuma kilo 20 ne. Kafin a cire 580 daga gaba ta wannan hanya sai an rage wa tantebur 11,600, wato kusan a juye kwantenar duka. Obalodin a jikin kan yake, ba a cikin kaya ba.

Na biyu, Alhaji ya tambaya ko akwai izini na musamman da za a saya. Izinin wuce ƙa'ida ana bayar da shi ne don kayan da ba ya rabuwa, kamar babbar taransifoma ko injin masana'anta, da hanya da lokaci a ƙayyade. Buhun riɗi yana rabuwa, nauyin jikin mota kuma ba kaya ba ne.

Na uku shi ne tantebur. Na wannan motar a ɗaure yake da kusoshi a kan faranti mai jerin ramuka, don haka aka mayar da shi baya santimita 20, ya zauna daidai tsakiyar aksul biyun. Aikin yana buƙatar sababbin kusoshi masu ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, a ɗaure su da sifana mai awo, ba walda ba, ba kuma huda sabon rami a leɓen shasi ba. A kuma duba cewa ƙafafun tirela ba za su taɓa bayan kai ba in an sha kwana. Aka sake hawa sikeli: gaba 5,880, ya shiga ƙa'ida. Bayan kai kuwa ya karɓi 14,000 ɗin duka, ya zama 18,420, ya haura tan 18 da kilo 420. An kashe maciji a ɗaki ya fito a zaure.

Sararin da ya rage yana can a tirela, tan biyu cur. Kwantena mai ƙafa 40 ba ta matsawa, makullan kusurwa huɗu ne ke riƙe ta a wuri ɗaya, kuma ba mai hankalin da zai bar su a buɗe bayan abin da Legas ta gani a gadar Ojuelegba, inda kwantena ta faɗo daga kan tirela ta kashe mutane. Kayan ciki ne za a matsar. Daga ƙusar tirela zuwa tsakiyar aksul ukunta wajen mita 8 ne. In aka ɗauke buhu 10 daga saman layin da ke jikin bangon gaba aka kai su bakin ƙofa, kilo 500 sun yi tafiyar kusan mita 10. A ninka a raba da 8, ana samun kusan kilo 600 da suka bar tantebur suka koma tirela. Buhu goma kacal. Ƙa'idar cika kwantena ta duniya ta ce kada fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyi ya taru a rabin tsawonta, kuma wannan ɗan matsin bai kusanci nan ba.

Ciwon shi ne an riga an ɗaura sil. Sai da aka fasa, aka sauke layukan baya don a isa gaba, aka sake jerawa, aka ɗaura sabo, aka gyara lambarsa a takardu. Lokacin da aka ba motar na shiga tasha ya wuce, ejan ya sake buki, kwantenar ta rasa jirgin da aka nufa da ita. Awon ƙarshe: 5,880 da 17,820 da 23,600.

Wannan ya wuce, amma da ƙyar. Sararin kilo 120 a gaba jarka biyu ta ruwa da fasinja ɗaya sun cinye shi. Don haka aka mayar da jak da sarƙoƙi da akwatin kayan aiki zuwa jikin tirela, aka kuma ba masu lodi zanen jerin buhuna na motocin CNG daban da na dizal. An tattauna cire tukwane biyu, wanda zai rage wajen kilo 325, kusan 195 daga gaba, amma zai yanke rubu'in nisan da motar ke yi da cikawa ɗaya, kuma mota mai kwana a layin Apapa inji na aiki ba ta wasa da wannan. Tukwanen zamani masu jikin roba da zaren kabon nauyinsu wajen sulusin na ƙarfe ne, su ne maganin gaske, sai dai kuɗinsu. A ganina nan ne aka yi kuskuren farko: an yi cinikin juya motar a kan farashi da yawan lita, ba wanda ya nemi mai aikin ya rubuta nauyin da zai ƙara wa kowane aksul kafin a biya shi.

Takardu

Motar da aka canza wa inji da mai, a ido ita ce dai, a takarda kuwa wata ce daban. Lambar injin da ke lasin ta tsohon ce, nau'in mai an rubuta dizal, nauyin fanko 8,900. Canjin inji sai an sanar da ofishin rajistar motoci an gyara. Takardar lafiyar mota ta jihar Legas an bayar da ita ne ga motar da ba ta da tukwane, don haka aka mayar da ita aka sake dubawa. Kamfanin inshora ma sai an rubuta masa, domin wanda bai sanar da canji irin wannan ba ya ba su ƙofar ƙin biya ranar da tsautsayi ya zo.

Sai takardun tukwanen kansu. Kowace tana da lamba da ranar ƙira da matsin aiki da ranar da wa'adinta zai ƙare a jikinta, bisa ma'aunin ISO 11439 ko ƙa'idar R110 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ba ta ba tukunya fiye da shekara 20 ba, ta kuma ce a riƙa duba jikinta aƙalla duk wata 48. A kwafe lambobin a takardar shaidar juyawa, kwafi ɗaya a mota ɗaya a ofis. A ɗaya daga cikin kawunan uku an tarar igiyar ƙarfen da ke ɗaure tukunya ta rufe lambar, sai da aka sassauta aka juya ta kafin a karanta.

Tunda motocin Alhaji sun kai biyar, yana ƙarƙashin tsarin RTSSS na hukumar kiyaye haɗurra, wanda ke buƙatar rajista da jami'in kula da lafiyar motoci da rubutaccen tarihin kowace mota. Sabon nauyin ya shiga wannan fayil. Direban tirela lasin aji G yake riƙewa, na'urar ƙayyade gudu kuma da aka fara tilastawa a Fabrairun 2017 ta tafi tare da tsohon inji, sai da aka saita ta a sabon. Shiga Apapa da Tin Can tun Fabrairun 2021 ta manhajar Eto ake yi, da shaidar cewa motar ta cika mafi ƙarancin ƙa'idar lafiya ta hukumar tashoshin jiragen ruwa, NPA, kuma bayanan da ke can ya kamata su yi daidai da na lasin. Abu mafi sauƙi kuma mafi saurin mantuwa shi ne a bi duk sikelin da motar ke hawa, na sito da na masana'anta, a sa su goge tsohon nauyin fanko su auna sabo.

Masu sayar da kayan juyawa kan ce a Turai ana yi wa irin waɗannan motoci rangwame. Haka ne: Tarayyar Turai ta ba motocin da ke amfani da wani makamashi ba dizal ba ƙarin har tan ɗaya a 2015, ta ba marasa hayaƙi kwata-kwata har tan biyu a 2019, Amurka kuma ta ba masu iskar gas ƙarin nauyin fam 2,000, wato wajen kilo 900, a 2015 ta haɗa da masu batir a 2019. Rangwamen na Turai a kan jimlar nauyi aka yi shi, motar Alhaji kuwa ba jimla ce ta kama ta ba. Duk mai tunanin kawo kai mai batir, wanda ƙarin nauyinsa ya fi na tukwane, da awon aksul ɗin gaba zai fara.

An auna sauran kawunan biyu fanko a mako mai zuwa. Ɗaya ya yi daidai da na farko, aka mayar da tanteburinsa baya shi ma. Na ukun an kafa masa firam ɗin tukwane manne da bangon ɗakin direba, santimita 25 gaba da na sauran, abin da ya ƙara wa gaba kusan kilo 100, ya bar shi da sararin kilo 20 kacal ko da tantebur na tsakiya. An cire shi daga aikin riɗi, yana ɗaukar kwantena fanko tsakanin Apapa da Shagamu har a mayar da shi wajen waɗanda suka juya shi su matsar da firam ɗin.